Yadda Za Ka Riga Kowa Sa Sabuwar Windows a Dogon Daji

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, bayan shekara goma yana kula da ita. Tun kafin ranar, duk mai kwamfuta daga Dogon Daji zuwa Tambuwal har Kebbe ya saba da saƙon nan mai naci da ke tare masa allo da sassafe, yana cewa lokacin komawa Windows 11 ya yi. Yawancin mutane rufe shi suke yi su ci gaba da neman abincinsu. Waɗannan shawarwari ba nasu ba ne. Na jarumi ne, wanda ba ya iya ganin maɓalli ya ƙyale shi, wanda takensa a kullum shi ne na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Ko kai mai shagon buga takardu ne a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, ko malamin makaranta mai riƙe da makin yara a laftof, ko sakataren ƙungiyar manoma, ka tuna cewa garin da aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1923 bai kamata a gan shi a bayan kowa ba, ko da a layin shan wahala ne. Microsoft na buƙatar masu fara gwada masa kaya su gano masa inda yake yoyo. Yana da ma'aikata da 'yan sa-kai masu wannan aiki, amma da wuya a samu a cikinsu mai gwaji da janareta mai rabin lita a zafin bazara. Wannan gurbin naka ne, kuma kai za ka sayi data.

Mataki na 1: Zaɓi ranar da aiki ya fi yawa

Mai ƙaramar zuciya yakan jira ranar da shago ya yi tsit. Kai kada ka yi haka. Nemi makon da 'yan JAMB ke layin fitar da silif ɗin jarrabawa, ko makon bayan Sallah da katunan ɗaurin aure suka taru, ka karɓi kafin alƙalami, ka ce a dawo gobe bayan Azahar. In ranar ta faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, fankar laftof na kuka tun ba a ba ta aiki ba, to ka dace. Sa babbar manhaja aiki ne da ke gasa injin na sa'o'i, ga ƙurar hunturun bara tana nan danƙare a bakin fankar, ba wanda ya taɓa hure ta.

Kada ka saurari masu cewa a bari a kwana biyu tukuna. Kowace shekara, wajen Satumba ko Oktoba, Microsoft kan fitar da sabon zubin Windows 11, kuma shi da kansa yakan hana wasu kwamfutoci karɓarsa har sai ya gyara matsalolin da 'yan gaba-dai suka ci karo da su. In taka na cikin waɗanda aka ce su dakata, ka ɗauka raini ne. Sauko da shi da ƙarfin tsiya.

Mataki na 2: Kada ka tambayi kwamfutarka shekarunta

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021 da sharuɗɗanta: RAM giga 4, rumbun ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama, wato wadda aka fara fitarwa a 2017, ko takwararta ta AMD. Yanzu dubi abin da ke kan teburinka. In HP EliteBook 840 G3 ce, zubi na shida ce. In Folio 9470m ce, na uku ce. Ta gama aikin ofis a Turai, ta yi ritaya, sannan ta biyo ta Legas ko Kwatano ta iso hannun dillali a Kano, ya goge ta tas, ya rantse maka cewa wata tsohuwar Baturiya ce ke duba hotunan jikokinta da ita.

Akwai wata 'yar manhaja, PC Health Check, da ke gaya maka gaskiyar lamarin cikin minti ɗaya. Kada ka buɗe ta, gaskiya ɗaci gare ta. Nemi injiniya, wato yaron nan da ya yi 'yan watanni a shagon gyaran waya a Sakkwato, ya dawo da sukudireba a aljihu da filash rataye a wuya. Zai kalli laftof ɗin ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, wagga ai ƙaramar magana ta.” Kuma da gaskiyarsa, domin akwai manhajar kyauta mai suna Rufus da ke tsallake duk wannan binciken. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, Microsoft ya rubuta ƙarara cewa kwamfutar da ta shigo ta katanga ba ta da tabbacin samun gyare-gyare nan gaba, kuma in wani abu ya lalace, babu ruwansa. Ba laifin injiniya ba ne. Ba ka tambaye shi ba.

Mataki na 3: Ajiye kwafi aikin matsorata ne

Ba za a rasa wani dattijo da zai ce ka kwashe takardunka a filash ko wani rumbun kafin ka fara ba. Ka ce masa, “Na gode, Baba,” ka bar shi da shawararsa. Me ka ajiye a ciki ma? Takardun cinikin gonaki ne kawai na rabin unguwa, da kundin digirin wani ɗalibin jami'ar Aliero wanda ba shi da kwafi a ko'ina, da hotunan bikin ƙanwarka, da jerin sunayen masu cin bashi.

Tarihi ma yana bayanka. Ranar 2 ga Oktoba 2018 Microsoft ya saki sabon zubin Windows 10. Cikin waɗanda suka yi rige-rigen saukewa, wasu suka buɗe jakar takardunsu suka tarar wayam. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye zubin, bai sake sakinsa ba sai 13 ga Nuwamba. Waɗanda suka jira ba su rasa komai ba, amma fa ba jaridar da ta buga labarinsu. Kai suna kake nema.

In an ɗora sabuwa a kan tsohuwa, Windows kan tattara tsohuwar a wata jaka mai suna Windows.old, ta ba ka kwana 10 ka yi shawara da zuciyarka. Cikin kwanakin nan kana iya komawa inda ka fito. Jakar tana da nauyi, takan ci giga da yawa, saboda haka goge ta tun daren farko ka samu wurin zuba finafinan Indiya masu fassara. In kuma injiniya ya ga fomatin ya fi, ya ɗago kai ya ce, “In share duka?”, kada ka tambaye shi duka me. Ka ce, “Share, Injiniya, ai kai ka san aikinka.”

Mataki na 4: Sayi data daidai wa daida

Fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5, kuma wannan somin taɓi ne. Bayan ta zauna za ta nemi ƙarin gyare-gyare, da direbobin sassan injin, da wasu manhajojin da ba ka aike ta ba. Sayi giga 6 cif, tunda lissafi ya nuna har da rara. Tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, ba mai hankalin da ke sayen abin da ya wuce buƙata. Kunna hotsifot a wayarka, ka ɗora ta a kan tagar da sabis ke leƙowa, ka manta cewa yaran shago duk sun san fasawod ɗin, kuma TikTok ba ya jiran kowa. Akwai wurin da za ka gaya wa Windows cewa datarka ta awo ce, ta riƙa tsimi. Kada ka taɓa shi, kada Bature ya ɗauka kai talaka ne.

Sai batun asusu. Windows 11 Home ba ta barin ka gama shiga sai da intanet da asusun Microsoft. A Redmond ta jihar Washintan aka tsara wannan sharaɗi, inda ba a hawa tudu neman sabis. A watan Satumba 2021, makonni kaɗan kafin fitowarta, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Mai sabuwar kwamfuta a irin waɗannan wurare sai dai ya zauna yana kallonta tana roƙonsa intanet.

Kai da ke da sabis yanzu, shiga da imel ɗin da wani ɗan kafe ya buɗe maka shekarun baya, ya tashi daga garin da fasawod ɗin a kansa, lambar wayar da aka haɗa shi da ita kuwa tana kan layin da aka rufe lokacin haɗa NIN. Wannan zai yi maka amfani nan gaba. Daga zubin 2024, in an sa ta sabuwa fil, Windows kan kulle rumbun kwamfutoci da yawa da kanta, ta ajiye mabuɗin, mai lamba 48, a cikin wannan asusun. Ranar da ta tashi da shuɗin allo tana neman lambobin, za ka tabbatar takardunka na cikin tsaro. Ko kai ba ka isa ka taɓa su ba.

Mataki na 5: Kada ka leƙa tankin janareta

Da zarar aiki ya kankama, allo zai rubuta maka cewa kada ka kashe kwamfutarka. An yi kuskuren adireshi, domin ba kai ke kashe ta ba. Batirin laftof ɗin ya mutu tun tana Turai, in caja ta motsa ko na ƙiftawar ido ne sai ta suma. Saboda haka fara aikin da wutar gari, wadda ta zo ba sallama, za ta kuma tafi ba sallama. In ta tafi, ja igiyar ƙaramin janareta. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, leƙa tanki na kawo hawan jini, don haka ka kiyaye lafiyarka.

Ga yadda daren zai kasance. An idar da Isha'i, mai shayin gefenka ya fara soya ƙwai. Allo na cewa kashi 30, 'yan ɗigogi na ta zagaye. Ka je ka sha shayi ka dawo, kashi 30. Injiniya ya ce haka take yi, ya ci gaba da latsa wayarsa. Can wajen sha ɗaya ta yi tsalle ta dira a 74, kowa ya ce alhamdu lillahi. A nan ne janareta zai yi tari sau biyu, ƙwan lantarki ya yi ja. Ka miƙa wa yaro galan ka ce ya ruga wurin ɗan bumburutu, ya tarar ya kwashe kwalabensa ya shige gida. Kafin ya buga masa ƙofa ya dawo, shago ya yi duhu, ba ka ganin komai sai fuskar injiniya a hasken wayarsa, yana cewa, “Alhaji, sai dai mu sake daga hwarko.”

In da sauran kwananta, kwamfutar za ta farfaɗo ta ce tana warware canje-canjen da ta yi, ka koma inda kake da safe, ban da data da mai. In kuwa abin ya zo da ƙarar kwana, za ta riƙa kunna kanta tana kashewa har kiran assalatu.

Mataki na 6: Buɗe shago da wuri, ka kira maƙwabta

A ce dai ta shiga. Abu na farko da za ka lura da shi, maɓallin farawa, wanda aka saba gani a kusurwar hagu tun Windows 95, ya koma tsakiya. Hannunka zai yi mako yana kai linzami inda ba kowa. Ana iya mayar da shi hagu cikin 'yan daƙiƙu, amma kada ka yi, kada a ce ba sabuwa ba ce. Ka ma gode da ka same shi. A 2012 Windows 8 cire shi ta yi ɗungurum, sai da duniya ta yi ca kafin a dawo da shi a 2013. In ka danna dama a kan fayil kuwa, kwafa da sake suna sun zama 'yan hotuna ƙanana, sauran abubuwan da ka saba da su an ɓoye su sai ka sake dannawa.

Sannan firinta. Tsohuwar LaserJet ɗinka, wadda ba katin auren da bai bi ta cikinta ba a unguwar, yau kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Direbanta na kan faifan da ya zo cikin kwali, kwalin kuwa kaza ta daɗe da yin ƙwai a ciki, in ma an samu faifan, laftof ɗin ba ta da wurin sa shi. CorelDRAW ɗin da abokinka ya zuba maka kyauta daga filash, wanda ba a tambayar asalinsa, manhajar tsaro ta kama shi ta tsare. Internet Explorer babu ita a Windows 11, WordPad ma an sallame ta a zubin 2024.

Buɗe wata tsohuwar takardar Hausa ka gani. In da fant ɗin Rabi'at ko Abdalla aka buga ta, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira a shekarun 1990 domin haruffanmu masu ƙugiya, kuma fomatin ya tafi da su, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take za ka tarar wata baƙuwar alama ta zauna. Windows na da kibod na Hausa mai rubuta su ba tare da fant na musamman ba, amma bin shafi 80 harafi bayan harafi, wannan kai za ka yi.

Daidai nan ne mai katin aure zai yi sallama. “Malam, ina katunnan da munka yi da kai?” Kada ka rikice. Juyo masa da allon, ka nuna masa yadda kusurwoyin tagogi suka zama masu lanƙwasa, gwanin ban sha'awa. Ka ce masa ko a Sakkwato ba kowa ke da irin wannan ba.

Mataki na 7: Nemi wanda za ka ɗora wa laifi

Fara da yaron shago, shi ne bai yi sauri da galan ba. Sai injiniya, wanda wayarsa ke kashe tun safe, an ce ya tafi ɗaurin aure Jega. Sai sabis, sai zafi, sai bakin mutane. Kada ka sa sunanka a jerin.

Kana iya tunanin kai ƙara, kuma an taɓa yi. A 2016 Microsoft ya matsa wa mutane da Windows 10, har ta kai in ka danna jan kuros ɗin rufe saƙon sai a ɗauka ka amince. A shekarar ce wata mai kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kaliforniya, wadda kwamfutarta ta rikice, ta yi nasara a kansa a kotu, ta karɓi dala 10,000. Bambancinku kaɗan ne. Ita ta ce ba ta nema ba aka sa mata. Kai kuwa da kuɗinka ka sayi mai, ka kira injiniya, ka tsallake katanga, ka danna ka amince da yarjejeniyar da ba ka karanta ko layi ɗaya ba. Alƙali zai nemi ganin lasisin Windows ɗinka, daga nan sai a koma maganar sulhu.

In 'yan majalisa suka tambaye ka yaya sabuwar, ka girgiza kai ka ce, “Ai sai wanda ya gani.” Ka yaba saurinta ko da rarrafe take yi. Ba kai ne farau ba: waɗanda suka fara sa ta a 2021 a kan injin AMD sun ga jinkiri, har kamfanin AMD ya fito ya ce wasu wasanni na iya rage gudu da kusan kashi 15 cikin ɗari, kafin a gyara cikin watan Oktoba. Babban abu shi ne ka ja wani ya shigo, mutuwar yawa kaka ce.

Rataye: domin matsorata

Tunda ba kowa aka ba zuciya ba, ga abin da matsoraci ke yi. Manomin albasa a Aliero in an kawo masa sabon iri ba ya zuba shi a fadama gaba ɗaya, fangali ɗaya yake warewa ya ga kamun ludayinsa. Haka matsoraci ke yi da Windows. Yakan fara gwadawa a kwamfutar da ba ita ke ciyar da gida ba. Yakan duba ko injin ya cika sharuɗɗa, ya kwashe takardu wuri biyu, ya haɗa da fant-fant ɗinsa, ya sauko da direban firinta tun tsohuwar na aiki, ya rubuta fasawod da lambobin nan 48 a littafin bashi, inda ba sa ɓacewa. Yakan cika tanki ko ya ɗauki laftof ya je inda sola take, ya zaɓi ranar da ba mai jiransa, ya kuma bar Windows.old ta cika kwanakinta. Rayuwarsa ba ta da labari ko kaɗan, sai dai katunansa na fita a kan lokaci.

Akwai kuma wanda tsoronsa ya wuce misali, ya ce shi da Windows 10 mutu-ka-raba, ko ma Windows 7 da aka daina kula da ita tun Janairun 2020, wai da tsohuwar zuma ake magani. Wannan shi ma jarumi ne, bai dai sani ba. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma duk kafar da ɓarayin intanet suka gano ba mai sake toshe ta, ga shi a kanta ake shigar da BVN da NIN na jama'a. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi kwamfutocin da ba a yi wa gyara ba a ƙasashe kimanin 150, har wasu asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya. Microsoft ya ba masu Windows 10 ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, kan dala 30 ko ta hanyar haɗa kwamfutar da asusunsa. Wadda ta tsufa tukuf kuma ana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu kyauta, sai dai CorelDRAW ba shi da zubin can, don haka a yi shawara da masu katin aure tukuna.

In kana son ka zama sarkin matsorata, yanke wannan shafi, ka yage ratayen, ka kai wa maƙwabcinka mai shago sauran. Zuga shi, ka ara masa galan, ka ba shi lambar injiniya. Sannan ka ƙirga kwanaki. Rana ta tara ka je masa da goro, ka gaishe shi da iyali, ka tambaye shi yaya firinta. In ya amsa da fara'a, je ka sa taka. In ya ce “sai godiya” yana kallon ƙasa, tuna masa saura kwana ɗaya ya koma tsohuwar, ka kuma taimake shi ka karɓi aikin katunan da suka gagare shi.